Ɗan Majalisar Da Ya Nemi A Sa Wa Iko Linzami

Majalisar Dokoki ta Jihar Sakkwato tana da kujeru 30, kuma duk bayan shekara huɗu jama'a kan fito su cika su da ƙuri'unsu. Amma in aka tari ɗan kasuwa a Kara, ko ma'aikaci a bakin ofis, aka tambaye shi abin da wakilinsa ya yi masa, galibi abin da zai lissafa bai wuce rijiyar burtsatse, da buhun shinkafa lokacin azumi, da babur da aka ba wani ɗan unguwa ba. Waɗannan ba abin rainawa ba ne a inda talauci ya yi kanta. Sai dai a ganinmu akwai wani ma'auni da ya fi su nauyi, wanda aka daɗe da daina ɗora wakilai a kansa, watau wane linzami wakilin ya sa wa masu iko, don kada su taɓa dukiyar mutum ko mutuncinsa sai bisa ƙa'ida.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai 'yan siyasa waɗanda duk aƙidarsu ke nan, a taƙaita ikon hukuma, a rage haraji, a bar mutum da sana'arsa da bakinsa. Mu nan Arewa ba mu taɓa yin jam'iyya mai wannan aƙida tsantsa ba. Amma mun yi wakilin da ya tashi cikin majalisa, a lokacin da yin haka ke iya raba mutum da abincinsa, ya ce ikon da ba shi da iyaka bai dace da kowa ba. Shi ne Malam Abubakar Tafawa Balewa. Duniya ta san shi a matsayin Firayim Ministan Nijeriya, amma mu yau shekarunsa na zaman ɗan Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna muke so mu duba, don cikinsu ne darasin yake.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Malam Abubakar cikin 1912 a garin Tafawa Balewa ta ƙasar Bauchi. Ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa yana aiki ne a gidan hakimin Lere. Ya yi karatun allo, ya yi elementare da midil, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1928, ya fita cikin 1933. A can ya tarar da Ahmadu Raba, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gabansa da shekara biyu. Da ya gama sai ya koma Bauchi ya kama koyarwa a makarantar Midil, har ya zama shugabanta.

A Bauchi ne ya zauna da mutum biyu waɗanda suka fi shi zafin baki, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Wajen 1943 aka kafa wani taron muhawara a garin, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki kan haɗu su tattauna al'amuran ƙasa. Taron bai yi tsawon rai ba, don da tambayoyi suka kai ga albashin sarakuna da tushen mulkin En'e kansa, sai hukuma ta ga gara a rufe. Cikin 1945 aka tura Malam Abubakar Jami'ar London ya yi shekara guda yana koyon aikin ilmi. Da ya komo cikin 1946, En'en Bauchi ta zaɓe shi ya wakilce ta a sabuwar majalisar da tsarin mulkin Gwamna Richards ya kafa, cikin 1947 kuma majalisar ta tura shi Ikko, Majalisar Dokoki ta ƙasa duka.

Ya kamata mai karatu ya lura da irin majalisar. Ba talakawa suka zaɓi wakilanta ba. En'e-En'e ne suka aiko da yawancinsu daga cikin ma'aikatansu, ga kuma Razdan-Razdan da sauran manyan Turawa zaune tare da su suna da ƙuri'a. Aikinta bai wuce ba da shawara ba. A gefenta kuwa ga Majalisar Sarakuna. Saboda haka wakilin da ya taɓa En'e, uban gidansa ya taɓa, wanda ke biyansa albashi, wanda kuma ya ba shi kujerar da yake zaune a kai.

Mece ce En'e a wancan zamani?

Matasan yau sun san ƙaramar hukuma, ba su san En'e ba. A dokar Turawa ta lokacin, a manyan masarautu Sarki shi kaɗai ne En'e. Yana da majalisa, amma doka ba ta tilasta masa ya bi shawararta ba. Baitulmali na ƙarƙashinsa, haka 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai, shi kansa kuma yana da kotu. Iyayen ƙasa da masu gari su ke ƙidayar mutane su tara haraji, su ke ƙidayar shanu su karɓi jangali. Wanda ke bisa Sarki shi ne Razdan, shi kuwa Razdan ba talaka ya naɗa shi ba. Watau dai wanda ya aza harajin, da wanda ya karɓa, da wanda ya kama wanda bai biya ba, da wanda ya yanke masa hukunci, da wanda ya tsare shi, duk reshe ne na itace guda.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Cikin 1943 aka tuhumi Sardauna Ahmadu Bello, yana riƙe da al'amuran En'e a Gusau, da cin kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Zariya, aka wanke shi. To, wannan jinin Mujaddadi ne, mai ilmin zamani, mai sanin hanyar ɗaukaka ƙara, mai halin ɗaukar lauya. Ina ga Bafulatanin daji wanda aka ƙidaya masa saniya ɗaya sau biyu, ko ɗan koli wanda aka kwashe wa kaya a kasuwar ƙauye? Wannan tambayar ita ce cikin batun da Malam Abubakar ya kawo.

Batun watan Agusta 1950

Cikin watan Agusta 1950 ya tashi a Majalisar Wakilai ya kawo batu, cewa a roƙi Gwamna ya naɗa hukumar bincike mai zaman kanta, ta duba tsarin mulkin En'e a Jihar Arewa, ta ba da shawarar yadda za a gyara shi ya dace da zamani. Kalmomin batun masu sanyi ne, amma jawabin da ya biyo baya ya girgiza zauren. Ya soki tsarin da ya mai da Sarki shi kaɗai ne hukuma, ya nuna ba shi da tushe mai ƙarfi cikin al'adar mulkin ƙasar nan, ya nemi a kawar da shi. Ya yi magana a fili a kan cin hanci da ya game manya da ƙanana. Ya nuna talakawa ba su san haƙƙinsu ba, ba a kuwa shawartarsu cikin abin da ya shafe su. Ya kuma bayyana cewa gyara yake nema, don kada ginin ya rushe a kan kowa.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne mai yin ta. An san shi da kunya da natsuwa da taka-tsantsan, ba a san shi da neman fitina ba. Kuma a wannan watan ne, ranar 8 ga Agusta, wasu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu Kano yana shugaban makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aiki ya rungumi siyasa. Saboda haka Turawa da sarakuna suka ga ƙorafi guda ya fito ta ƙofa biyu, ɗaya daga titi, ɗaya daga cikin gida. Da aka jefa ƙuri'a batun ya wuce da ƙyar, da ɗan rinjaye kaɗan.

Masu jin haushin jawabin sun ɗauka ra'ayin Ingila ne ɗan makaranta ya kwaso. Amma duk wanda ya san abin da shugabannin jihadi suka rubuta ya san ba baƙon zance ba ne a Sakkwato. Cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera halayen mulkin da ya yaƙa, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu iko, da abin da ake ɗiba daga hannun masu saye da sayarwa a kasuwa, da ƙwace dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki. Cikin littafin nan kuma ya sa shawara cikin ginshiƙan mulki. Turawa da suka ci Sakkwato cikin 1903 sun ga ya fi musu sauƙi su riƙe mutum guda a kowace ƙasa su ba shi umurni, sai suka ƙarfafa Sarki a kan majalisarsa da malamansa, su kuma suka hau kansa. Malam Abubakar tsohuwar ƙa'ida ya tuna wa mutane, cikin harshen majalisar zamani.

Abin da batun ya haifar

Gwamnati ba ta naɗa hukuma mai zaman kanta yadda ya nema ba. Ta tura jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto, sa'an nan aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na sarakuna da wakilai ya duba. Cikin 1952 aka soke matsayin Sarki shi kaɗai, aka koma Sarki cikin majalisarsa: dole ya shawarce ta, in kuwa ya saɓa mata sai ya sanar da Gwamna. Cikin 1954 aka yi babbar Dokar En'e, wadda ta tanadi har da tsarin da rinjayen majalisa ke ɗaure Sarki, ta kuma buɗe hanyar majalisun gunduma da na gari masu zaɓaɓɓun wakilai. Wanda ke riƙe da ma'aikatar ƙananan hukumomi a Kaduna tun 1953 kuwa shi ne Sardauna, mutumin da ya ɗanɗani kotun En'e da kansa, wanda ya shiga majalisar cikin 1949 bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas.

Sauran gyaran ya zo a hankali, yawancinsa bayan ransa. Daga 1967 zuwa 1970 gwamnatocin soja suka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Cikin 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi a ƙasa duka, sunan En'e ya shiga tarihi. Cikin 1979 gwamnonin PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, wasu jihohi suka bi sahu. Ba za a ce batun 1950 shi kaɗai ya kawo wannan duka ba, don 'yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kan hanyar. Amma shi ne karo na farko da aka rubuta cikin littafin majalisa, da rinjayen ƙuri'a, cewa tsarin na bukatar bincike.

Inda linzamin bai kai ba

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Ikon da aka rage wa fada bai sauko hannun talaka duka ba, mafi yawansa Kaduna ya koma. An sauke Lamiɗon Adamawa cikin 1953, cikin 1963 kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus bayan binciken kuɗin En'en Kano. Sarakuna sun gane akwai na gaba da su, amma na gaban minista ne da jam'iyyarsa. A ƙauyuka kuwa kotunan En'e sun ci gaba da matsa wa 'yan hamayya har 1966, alhali Malam Abubakar na mataimakin shugaban jam'iyyar NPC mai mulki.

Ta fuskar ciniki ma haka. Tun 1949 aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga, cikin 1954 aka haɗe su ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Manomin Gusau ko Ƙauran Namoda ba shi da ikon fitar da amfaninsa waje sai ta hannun hukuma, a kan kuɗin da ta yanka, rarar kuwa ta shiga asusun gwamnati. Haraji ne wanda ba a kira shi haraji ba, kuma shugabannin zamanin sun riƙe shi don da shi ake gina makarantu da hanyoyi. Ba a rushe irin waɗannan hukumomi ba sai 1986.

Shi kansa da ya koma Ikko, ya zama minista cikin 1952, Firayim Minista cikin 1957, ya gamu da jarrabawar da ya yi wa wasu gargaɗi a kanta. A zamaninsa ne tsarin mulkin 1960 ya zo da babin haƙƙin ɗan Adam, wannan abin yabo ne. Amma cikin Mayu 1962 gwamnatinsa ta sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ta ɗora mutum guda, Dokta Majekodunmi, ya riƙe jihar. Cikin 1963 kuma aka kawo shawarar dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, sai da jaridu da lauyoyi suka yi ca aka janye ta. An kashe shi cikin juyin mulkin Janairu 1966, Allah Ya ji ƙansa. Rayuwarsa ta nuna neman a sa wa iko linzami ya fi sauƙi ga wanda ke ƙasa bisa ga wanda ke kan sirdi, shi ya sa aikin ba ya ƙarewa da mutum guda.

Wani misali daga Amurka

Masu aƙidar taƙaita hukuma a Amurka sun kafa jam'iyyarsu cikin 1971. Na farko da ya ci kujerar majalisar jiha da sunanta shi ne Dick Randolph, wani mai sana'ar inshora a garin Fairbanks ta Jihar Alaska, cikin 1978. Majalisar tana da wakilai 40, shi kaɗai ne na jam'iyyarsa. Da ya ga ba shi da rinjaye a zaure, sai ya fita ya jagoranci tara sa hannun jama'a don a jefa ƙuri'ar soke harajin da jihar ke ɗiba cikin abin da mutum ya samu. Kafin ranar ƙuri'a ta zo, majalisar da kanta ta soke harajin cikin 1980. Ya nemi gwamna cikin 1982 bai samu ba.

Malam Abubakar ba ɗan wannan aƙida ba ne. Su suna so hukuma ta janye hannu har daga makaranta da asibiti, shi kuwa malamin makaranta ne mai son a ƙara su. Inda suka haɗu shi ne wakili guda, in ya san abin da yake nema, yana iya juya majalisa. Akwai kuma wani abin lura. Alaska ta iya soke harajin ne don kuɗin man fetur ya shigo mata, kamar yadda jihohinmu suka iya yafe haraji da jangali don rabon da ke zuwa daga asusun tarayya. Talaka ya huta, gaskiya ne. Amma hukumar da ba ta dogara da aljihun mutanenta ba, ba ta cika jin dole ta yi musu bayani ba. Sauke haraji rabin aiki ne, sauran rabin shi ne bin sawun kuɗin da aka karɓa da sunan jama'a.

Ina aka kwana?

Yau wuƙa da nama a jihohinmu suna gidan gwamnati. An sha rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a jihohi da dama a ɗora kantomomi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cikin Yuli 2024 cewa yin haka ya saɓa wa tsarin mulki, kuɗinsu kuma a ba su kai tsaye. Cikin wannan shekarar ce majalisar Sakkwato ta gyara doka, naɗin iyayen ƙasa da hakimai ya koma hannun Gwamna bisa shawarar majalisar Sarkin Musulmi. Gwamnati ta ce daidaita doka ta yi da tsarin mulki, wasu ƙungiyoyi kuma suka ce rage darajar fada ne. Ko wane gefe mutum ya tsaya, tambayar 1950 tana nan: wa ke iya ce wa mai naɗin a'a, ta wace hanya kuma?

Jangali ma ya tafi ya bar 'ya'ya. Mai ɗauko albasa daga Goronyo ko shanu daga Illela zuwa kudu ya san yawan shingayen da zai tsaya, da rasit nawa za a yanka masa, da wanda za a karɓa ba rasit. Tun 1998 aka yi dokar soja da ta jera harajin da kowane matakin hukuma zai karɓa, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji, amma direbobi ne shaidun yadda aka bi ta.

Wakilin yau yana da makaman da Malam Abubakar bai taɓa riƙewa ba. Jama'a suka zaɓe shi, ba En'e ba. Tsarin mulkin 1999 ya hana a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai da iznin majalisa, ya ba ta ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani, rahoton mai binciken kuɗi na jiha kuma gabanta ake kai shi. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan ya tashi ya yi magana. Wane hanzari ya rage ga mai su duka?

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata, in wakili ya zo neman ƙuri'a, a karɓe shi da mutunci, sa'an nan a tambaye shi abu uku. Wane kuɗi da ake karɓa a kasuwa ko a hanya ya binciki dokar da ta halatta shi? Wane sashe na kasafin kuɗi ya taɓa tsayawa a kai ya ce sai an yi bayani? Yaushe ya saɓa wa gwamnan jam'iyyarsa don kare wanda ba shi da kowa? Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa halartar zaman jin ra'ayin jama'a da rasit ɗinsu a hannu. Ma'aikaci kuma, wanda takardun ke bi ta teburinsa, ya tuna cewa mai batun 1950 ma'aikaci ne kamarsa, mai iyali da albashi.

Allah Ya ba mu wakilai masu tsoronSa fiye da tsoron rasa kujera, Ya ba shugabanninmu haƙurin jin gaskiya. Amin.